Tabarau na kwali da ɗakin da ƙanwata ba ta taɓa shiga ba

Jama'ar wannan shafi, na Magarya da Dungas, na Bande da Malawa da Dogo-Dogo, da ƴan ci-rani masu bin mu ta salula. Yau ba a bakin makirfo nake ba, rubutu na zauna yi, don maganar ta fi ƙarfin minti goma na shirinmu na mata.

Da ƙaramar salla wani ɗan yayata da ke karatu a Damagaram ya zo gida da wani tabarau na kwali. Ana zura salula a ciki, a kanga a ido. Ya ce a lakkol suna ce ma abin réalité virtuelle. Ya sa ma Inna hoton Ka'aba, irin wanda in ka juya kai shi ma ya juya da kai. Wallahi sai ga tsohuwa ta miƙa hannu tana salati, tana neman taɓa bango. Muka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma da na kwanta ƙanwata ce ta faɗo mini a rai.

Cikinta na fari, gida ta zo goyon ciki. Naƙuda ta tashi bayan isha'i, ba ta gaya ma kowa ba sai da aka yi kiran assalatu. Kun san tarbiyyarmu: mace ba ta kuka a kan gwiwa, ta yi ƙara a yi shekara ana ba da labarinta. Daga baya ta ce mini kunyar ma kaɗan ce, tsoro ya fi yawa. Ta je awo sau uku, amma ba ta taɓa leƙa ɗakin haihuwa ba. Abin da ta sani sai na bakin rijiya: wai gadon ƙarfe, wai almakashi, wai duk wadda aka wuce da ita babban asibiti yanka ta za a yi. Allah ya sa an sauka lafiya, da ƙyar. Sai dai har aka gama wankan jego ba ta dawo daidai ba. Ba barci, ba hira, jariri na kuka tana kallon bango. A gida aka ce iska ce, aka yi ta turare. Ni da na yi lise, nake shirin lafiya a rediyo, ban gane ba. Wannan na ci mini rai har yau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 da suka haihu na fama da ciwon damuwa ko makamancinsa. Ku ƙirga gidajen suna da kuka je bana.

Shi wannan tabarau, a wasu ƙasashe har ya shiga ɗakin haihuwa. A 2019 babban asibitin Kadif, can Birtaniya, ya gwada shi ga masu naƙuda. A asibitin Cedars-Sinai na Los Anjalas, Amurka, an yi gwaji da mata 40 masu haihuwar fari, wasu aka sa masu na kamar rabin awa, wasu ba a sa ba. Waɗanda suka sa sun ce zafin ya ɗan sauka. Dalilin ba sihiri ba ne. Hankalin mutum ba ya ɗaukar abu biyu da ƙarfi ɗaya, in ido da kunne sun tafi wani wuri, ciwo na rage samun fili. Mata 40 dai ba su da yawa, kuma wasu in sun sa jiri ke kama su, balle mai ciki da ke fama da tashin zuciya.

To, su bakin teku ake nuna masu da kifaye. Ni a ganina ba teku ƙanwata ke buƙata ba. Da a wata na bakwai, ranar awo, an kanga mata wannan kwali ta ga ɗakin haihuwar CSI ɗinsu, ta juya ta ga gado, ta ga ƙofa, ta ga inda Inna za ta zauna, ta ji sajfam na cewa da Hausarmu “in kin ga jini, ko kai ya sara miki ido ya yi duhu, kar ki jira safiya”, na yi imani da ba ta kwana tana cizon zane ita kaɗai ba. Kuma a sa ma maigida shi ma. Makarantar mazaje da UNFPA ta tallafa a jihar nan tamu ta Damagaram aka fara ta, mun ga maza na sauraro in an zauna da su.

Kar wani ya ce na ce tabarau magani ne. Ba ya tsayar da jini, ba ya gyara hanya da damina in amalanke kaɗai ke fita daga ƙauye, ba ya ƙara sajfam inda ɗaya ce ke kwana tana wuni. Tun 2005 gwamnati ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, a 2006 aka ƙara awon ciki, amma kowa ya san kuɗin mota da na zama a asibiti na nan. Ga caji, ga tsadar salula mai kyau. Duk na sani.

Shi ya sa ban jira kowa ba. Ƙanwar tawa na da ciki na biyu, wata shida. Makon jiya na roƙi wata sajfam, ta yarda, lokacin da ba kowa a ɗakin muka shiga da ita da ƙafarta. Ta taɓa gadon, ta tambayi amfanin kowane ƙarfe. Tambayoyi ta yi ta yi har na gaji da tsayuwa. Da muka fito ta ce, “Yaya, ashe ɗan ƙarami ne.”

Na ƙauye mai nisa ba kowa ke samun wannan ba, can ne kwalin zai yi rana. Ɗan yayata ya ce zai nemi aron kyamarar da ke ɗaukar kowane ɓangare. Ku mata, ku aiko mini da saƙon murya, ba sai da suna ba: me kuka fi tsoro ranar haihuwar fari? Da amsoshinku za mu tsara abin da sajfam za ta faɗa a ciki.