Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Mahaifina ya bar mini akwatin rediyo ƙirar National a gidanmu na Ƙofar Ɗan Agundi. Burina in sa shi ya riƙa jiyo masu rediyon sha'awa, waɗanda ke hira da juna a mita 40, dab da mita 41 ta manyan tashoshi. Na Nijeriya, lambar kiransu da 5N take farawa. Saurare kawai zan yi, don aikawa sai da lasisi.

Matsala biyu ce. Muryarsu kamar kukan agwagwa take fita, sai an ƙara wata 'yar na'ura mai kaɗawa a kilohaz 455. Sannan kwandansan neman tasha, mai fallayen alminiyam, ya lanƙwashe.

Na zaga Sabon Gari, kowa na roba yake miƙo mini. Daga bisani wani dattijo mai gyara ya ciro mini shi daga matacciyar rediyo, wadda 'yan gwangwan suka riga suka taya a kilo.

'Yan'uwa ɗalibai, irin waɗannan kaya sun yi wuya. Kafin ku ɗora rediyon gidanku a sikeli, ku kai wa mai gyara ya duba. Allah ya sa mu gane.