Gurbin Haƙori

Bayan Inna ta fita takaba aka sa ranar rabon gado. Malamin da zai raba ya ce a fito da komai, ko allura ce a yi mata ƙima. Gida an san kuɗinsa, gonar Bukuru ma haka. Keken ɗinki da rediyo da manyan riguna duk dillalai sun faɗi nasu. Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne wani koren akwatin ƙarfe da muka jawo daga bayan kabad. Muna buɗe shi warin taba ya cika ɗakin, kamar Baba ne ya yi sallama. Lofe ashirin da uku ne a ciki, kowanne naɗe a tsohuwar safa.

Mu huɗu Baba ya bari, maza biyu mata biyu, kuma babu mai shan taba a cikinmu. Mun ga yadda ta yi da ƙirjinsa. Shekaru biyun ƙarshe a zaune yake barci, tari yana tayar da gida da tsakar dare, likita kuma bai ɓoye mana dalili ba. Shi ya sa da Kawu ya leƙa akwatin ya ce, "A cinna musu wuta, abin da ya kashe mutum ba a gadonsa," babu wanda ya musa masa nan take. Malam ne ya gyara zama ya ce, "Ni ban san kasuwarsu ba. Amma in itace ne da azurfa da ake saye, haƙƙin magada ne. Ku bincika ku kawo mini adadi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ba, ya yi sadaka da kasonsa." Inna tana bakin ƙofa, ba ta ce uffan ba.

Baba akawu ne a wani kamfanin haƙar kuza tun 1958, har kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985 aka sallame su. A wurin Turawan kamfani ya koyi shan lofe, a wurinsu kuma ya tara yawancin na akwatin. In Bature zai koma gida yakan yi gwanjon kayansa, wasu su sayi kujeru da tukwane, Baba kuwa ya nufi ɗan teburin da aka jera lofe. Kowace Lahadi bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma ya goge su ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna tsugune muna miƙa masa tsumma. A lokacin surutun tsoho muka ɗauki bayanin da yake yi. Da muka zauna yi musu ƙima, da gilashin mai gyaran agogo a hannu ɗaya da waya a ɗaya hannun, sai muka tarar rabin abin da muke nema tun muna yara ya zuba mana a kunne.

Farkon abin dubawa itace ne. Yawancin lofen Turawa da biraya ake yin su, wani ɗan itace da ke fitowa a duwatsun gaɓar Bahar Rum, a Kosika da Italiya da Girka da Aljeriya. Ba reshensa ake so ba, wani ƙullutu ne da ke tsakanin saiwa da gindi, wanda sai ya yi shekaru gommai a ƙasa kafin ya isa sara. A yanka shi gunduwa-gunduwa, a dafa a ruwa don ƙaron cikinsa ya fita, a shanya wata da watanni. Taurinsa da jure wuta suka sa ya ture lofen yumɓu, tun da masassaƙan garin San Kulod na Faransa suka rungume shi a shekarun 1850. Mai ido yana duba zanen itacen. In jijiyoyin sun miƙe daga gindin ƙoƙon lofen zuwa bakinsa, reras kuma a matse, wannan shi ne sarki, domin a gunduwa da yawa da ƙyar ake samun ɗaya. A sama da ƙasan irin wannan ƙoƙon sai ka ga ɗige-ɗige kamar bayan zabo. Sannan a nemi ciko. Abin da ya girma a ƙasa ba ya rasa ɗan rami ko tsakuwa, masu yin na araha sai su toshe ramin da wani irin danƙo su shafe da launi. Da shekaru itacen yana duhu, cikon kuwa ba ya bin sa, sai ya fito jaja-jaja kamar tabon ƙurji. Baba yakan kama yatsanmu ya ɗora a wurin ya ce, "Kun ji? Nan aka yi ƙarya."

Bayan itace sai aiki. A zura siririn tsinken goge lofe ta baki, in ya wuce har cikin ƙoƙo ba tare da ya cije ba, mai huda ya san hannunsa. Ramin hayaƙi ya kamata ya faɗo daidai tsakiyar gindin ƙoƙo. A ɗaga lofen a hasken taga a duba inda bututu ya haɗu da wuya, kada haske ya ratsa. A auna shi a tafin hannu, domin busasshen biraya mai kyau bai kai nauyin da ido ke zato ba. Bututun tsofaffin lofe baƙar roba ce mai tauri, wadda rana da yawu ke mayarwa kore-kore. Wannan ba aibi ba ne babba, gugar kirki tana dawo da baƙinsa.

Na uku hatimi, kuma nan kuɗi yake. Sunan maƙeri da aka buga a wuyan lofe shi ne takardar haihuwarsa. Kamfanin Dunhill na Landan, wanda ya fara yin nasa lofen a 1910, yana sa ɗan farin ɗigo a saman bututu, asali don mai shi ya san gefen da ke kallon sama. Daga farkon shekarun 1920 suka riƙa buga wata 'yar lamba a wuya mai nuna shekarar da aka yi shi, wanda kuma ke ɗauke da lambar rajistar ƙira an yi shi kafin 1955. Peterson na birnin Dablin kuwa an san shi da wani ɗan rami a cikin wuya da ke tare danshi, da bakin da ke tura hayaƙi sama zuwa ganɗa maimakon kan harshe. In yana da zoben azurfa, za ka ga ƙananan hatimai uku: mace a zaune, da garayar Turawa mai kambi, da harafi guda da ke faɗin shekara. Mai goge lofe da ƙarfi har ya shafe waɗannan rubuce-rubucen, kuɗinsa yake gogewa bai sani ba. Kada kuma a ɗauka tsufa kaɗai ke sa tsada. Lofen da wani masassaƙi ɗan Suwidin mai suna Bo Nordh ya yi da hannunsa a shekarun baya ana sayen guda da dubban daloli, alhali na masana'anta mai shekara ɗari yana iya kasa kuɗin takalmi.

Akwai farare guda biyu a akwatin da suka ba mu wahala. Ba itace ba ne, wani farin dutse ne mai laushi marar nauyi da ake kira mirsham, wato kumfar teku da Jamusanci. Mafi kyansa daga ramukan Eskishehir na Turkiyya ake haƙo shi, kuma shi kaɗai ne shan taba ke ƙara wa kyau, yana juyawa daga fari zuwa ruwan zuma. Ɗaya daga cikin namu na Turkiyya ne, an sassaƙa masa kan mutum mai rawani. Ɗayan ya fi nauyi, a jikinsa an rubuta Kiko, wato lofe da Swahili. A Arusha aka yi shi da dutsen yankin Amboseli, kuma kasuwa ba ta ba shi darajar na Turkiyya. A can ƙasan akwatin kuma muka sami baƙin lofen yumɓu na Kaka, mahaifin Baba, ginin wata mata a ƙauyensu, da kara a matsayin bututu. Babu hatimi, babu mai tayi. Amma a binciken nan muka koyi cewa taba daga nahiyar Amurka ta zo, ta iso Afirka ta Yamma wajen shekarar 1600, har masu tonon kufai in suka ga ɓallin irin wannan lofen sukan gane cewa mutanen wurin bayan wannan lokacin suka zauna. Auta ta naɗe shi ta ce in ba a yi masa kuɗi ba ita ta ɗauka.

Na ƙarshe shi ne lafiyar lofen, kuma nan muka fara jin zafi. Mai saye yana leƙa cikin ƙoƙo. Siririn ƙanzo yana kare itace, amma in ya yi kauri yana iya tsaga shi, in kuma wuta ta ci bango ta yi rami to magana ta ƙare. Yana duba baki ko ashana ta babbaka shi, ko an riƙa buga shi a dutse don zubar da toka. Yana duba bututu ko haƙori ya yi gurbi. A taƙaice duk wata alamar cewa mutum ya taɓa son lofen, ragi ce. Wanda ya fi kowanne daraja a akwatinmu wani Peterson ne mai zoben azurfa da abokan aiki suka ba Baba ranar sallama. Yana cikin kwalinsa, ko sau ɗaya bai sa masa wuta ba, domin ya ce ganinsa yana tuna masa ranar da aka ce ya tafi gida.

Mun bar mai farin ɗigo sai ƙarshe, don a kansa muka ɗora buri. Shi ne lofen Baba na kullum. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa ɗigon, a ce na Landan ne, daga hannun wani injiniya aka saya. Yaya ya sa gilashi a wuyansa ya daɗe yana juyawa. Babu sunan Dunhill, babu lamba, sai wani ɗan rubutu da ya kusa shafewa mai cewa a Faransa aka yi. Babbar yayarmu ta bi ƙoƙon da yatsa ta tsaya a wuri uku. Ciko ne, irin wanda aka san wannan kamfani ba ya sayarwa da sunansa. A mahaɗa kuma haske yana ratsawa, an naɗa zare don bututun ya zauna. Bututun na gaske ne, ƙoƙon kuwa na kasuwar bayan fage. Kama da wane ba ta wane.

Muka yi tsit. Mutumin da ya koya mana gane ciko da yatsa ba zai yi shekara arba'in da ciko uku a tafinsa bai sani ba. Yaya ya ce a hankali, "Ke nan Baba ƙarya yake yi wa baƙi?"

Sai Inna ta yi magana daga bakin ƙofa. "Ba don kansa ya yi ba. Ni na fasa na ainihin." Ta ce a shekarar da aka haifi Auta likita ya fara yi masa kashedi, ya dawo gida ya cika lofe kamar ba a yi ba. Da ya fita masallaci ta ɗauke shi ta jefa a turmi ta sauke masa taɓarya sau biyu. Bututun ne ya yi tsalle ya tsira. Ya dawo ya leƙa turmin, ya tsince bututun ya sa a aljihu, bai ce mata ci kanki ba. Bayan kwana uku ta gan shi da ɗigon a baki, a kan wani ƙoƙo daban. "Surukata tana gidan a lokacin. Da ta ji na daka kayan ɗanta a turmi, da ban kwana ba. Shi ya sa ya ci gaba da cewa na Landan ne. Bai daina sha ba, bai kuma taɓa tona ni ba. Kullum ina kallon abin nan ina jin haushi, ina kuma jin kunya."

Mun aika wa wani dillali a Ingila hotuna, ya nemi na hatimi da na cikin ƙoƙo da na bakin bututu. Ya sayi tara, Peterson ɗin nan ya kawo kusan rabin kuɗin. Yaya ya yi sadaka da kasonsa. Sauran muka raba a tsakaninmu a kan ƙimar da dillalin ya faɗa, kuma har yau babu wanda ya sa wa ko ɗaya wuta, ba kuma za mu sa ba. Sai dai ciwon ido ya kama mu. In muka bi ta wurin 'yan gwanjo muka hangi lofe a cikin tarkace, sai mun ɗaga mun duba wuyansa. Auta har ta ƙara biyu.

Game da mai farin ɗigo, dillalin ya rubuto cewa bututun ma ba zai saya ba, haƙori ya kusa huda shi ta gefen hagu. Mun san wannan gurbin. Ta hagu Baba yake cijewa in yana lissafi, ko in yana sauraron labarai, ko in an ɓata masa rai ba ya son ya yi magana. Ranar rabo Malam ya tambayi ƙimarsa, muka ce ba ta kai kuɗin goro ba. Ya ce to wa ke so? Mu huɗu muka miƙa hannu a tare. Malam ya yi murmushi ya ce bai taɓa ganin magada suna rububin abin da ba shi da kuɗi ba.

Inna ta gyara lulluɓi ta ce, "Malam, a sa shi a cikin tumunina."

Muka janye hannuwanmu. Yanzu yana cikin kwallarta, ƙarƙashin turamen atamfa, a safar da Baba ya naɗe shi.