Yallaɓai, Me Ake Nema?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya a motar haya ya san shirun da ke sauka a mota da zarar an hango durom da tsofaffin tayoyi a tsakiyar titi. Hira ta yanke, direba ya rage rediyo, mai latsa waya ya mayar da ita aljihu. Babu wanda ya yi laifi, amma kowa ya yi tsit kamar mai jiran hukunci.

A wata tafiya da na yi kwanakin baya, direbanmu dattijo ne mai furfura a gemu. Aka ɗaga masa hannu, ya faka a gefe. Ɗan sanda ya duba lasin da takardun mota, sannan ya ce, "Baba, buɗe but." Dattijon ya kashe mota, ya fito da makulli a hannu, ya ce, "Sannu da aiki, Yallaɓai. Zan buɗe. Amma me ake nema?"

Gabana ya faɗi. Na ce a raina yau a nan za mu yini. Ɗan sandan ya ɗan dube shi, sai ya ce an ba su rahoton ana ɓoye makamai cikin buhunan hatsi, shi ya sa suke duba motoci masu kaya. Dattijo ya ce to madalla. Ya buɗe da hannunsa, shi ya kwance bakin kowane buhu, kuma bai matsa ko taku ɗaya daga wurin ba har aka gama.

Abin da ya tambaya haƙƙinsa ne, a rubuce yake. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumba na shekarar, ta ba ɗan sanda ikon tsayar da mota ya bincika idan yana da zargi mai tushe cewa akwai kayan sata ko haramtaccen abu a ciki. Wannan iko muna bukatarsa, domin mun san irin ɓarnar da masu garkuwa da mutane suka yi a hanyoyinmu. Amma dokar ta gindaya sharuɗɗa. Jami'in ya kasance cikin kaki ko yana ɗauke da katin shaida a fili. Kafin ya taɓa komai, ya faɗi sunansa da ofishin da ya fito, ya faɗi abin da yake nema da dalilin zargin. Har ta ce launin fata, ko shekaru, ko irin aski, ko shigar mutum ba su isa zama dalili ba. Da na fara sanin wannan, samarin unguwarmu na tuna, waɗanda ake saukewa daga mota saboda gashi kawai.

Waya kuwa zancenta daban. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, kuma a Oktoban 2020 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya fito fili ya hana jami'ansa bincikar wayoyin mutane barkatai a kan hanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba ɗan sandan ba ne, mu fasinjoji ne. Dattijon na yin tambayar, wani daga kujerar baya ya yi tsaki ya ce, "Haba Baba, ka ba shi na goro mu wuce mana, sauri muke." Sau nawa na ji wannan maganar? Direba na son ya tsaya kan gaskiyarsa, mutanen da ya ɗauko su ne farkon masu karya masa gwiwa. Gobe in aka tsinci wani ƙulli a but wanda bai san da shi ba, domin ya bar wurin ya dawo rarrashinmu, shi kaɗai zai kwana a caji ofis, mu kuwa mu tari wata motar.

Ban ce a yi jayayya da mai bindiga cikin dare a dokar daji ba. A irin wannan wuri mutum ya lallaɓa, ya riƙe suna da lambar da ke ƙirjin jami'in, in ya isa gari ya kai ƙara sashen karɓar koke-koke da rundunar 'yan sanda ta buɗe tun 2015. Amma da rana tsaka, mota cike da shaidu, tambaya cikin ladabi ba ta kai a yi wa direba tsaki ba.

Binciken bai wuce minti biyar ba. Ɗan sandan ya miƙa takardu ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Baba." Dattijo ya ɗaure buhunan ɗaya bayan ɗaya, ya rufe but, ya shigo ya tada mota. Wanda ya yi tsakin bai sake cewa uffan ba har muka shiga Kwanar Dangora.