In Sha Allah Irin Na Baba



'Yan uwa masu karatu, yau labarin cikin gida na zo muku da shi, kuma malamin da zan ɗauko wa magana shekarunsa biyar ne da 'yan watanni, ko izu guda bai haɗa ba tukuna. Allah Ya azurta ni da 'ya'ya maza biyu. Babban sunan mahaifina ya ci, saboda haka babu mai kiran sunansa a gidan, Abba muke ce masa. Ƙaramin kuwa bai cika shekara uku ba, har yanzu in ya yi magana sai mahaifiyarsa ta yi mana tafinta. Ita mahaifiyar tasu tana da wani ɗan littafi da take rubuta duk abin da ya fito daga bakin Abba, wai za ta adana shi har ranar da zai yi aure ta karanta wa amaryarsa.

Littafin nan ya kusa cika. A cikinsa akwai ranar da na fara zuwa da shi masallaci sallar Magariba, muna fitowa ya ja mini riga ya ce, "Baba, wane ne Aminun nan da kowa ke kira da ƙarfi, shi kuma ya ƙi amsawa?" Akwai kuma batun ragon layya, wanda ya yi mako biyu yana ba shi dusa da hannunsa. Ranar Sallah ya sha kuka, ya ce shi da naman abokinsa har abada. Washegari aka same shi a gindin kaskon suya, baki duk maiƙo, da aka tuna masa maganarsa sai ya ce, "Ai wannan ba shi ba ne, wannan nama ne." Wanda ya fi ba mu dariya shi ne na wani dare cikin watan zafi, an kwana uku ba a kawo wuta ba, muna kwance a tsakar gida ana ta fifita. Da rana an gaya musu a makaranta cewa maƙaryata wuta za a kai su. Can sai muka ji muryarsa cikin duhu: "Baba, su 'yan wutar, su ba a ɗauke musu?" Muka yi dariya muna neman tsari, sannan na zauna na bambance masa wutar fitila da waccan wadda muke roƙon Allah Ya kare mu daga gare ta.

Amma akwai guda ɗaya da na so a ce ba a rubuta ba, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Da ƙaramar Sallah 'ya'yan maƙwabcinmu suka je gidan zoo na nan Kano, suka dawo suka cika wa Abba kunne da labarin zaki da kura da jimina. Tun daga ranar ya sa ni gaba. Alhamis da Juma'a ba ma karatu a Islamiyya, ya kuma gane haka, don haka duk daren Laraba sai ya zo ya tsaya a gabana ya ce, "Baba, gobe za mu je?" Ni kuma, ko dai ina duba takardun ɗalibai ko ina riƙe da waya, sai in ce, "In sha Allah." Ya tafi da murna. Gobe ta yi, in ce akwai ɗaurin aure, ko ta'aziyya, ko kuma rana ta yi zafi. Gaskiyar magana ita ce ban taɓa ƙulla niyyar zuwa ba. So nake kawai ya bar ni in yi abin da ke gabana ba tare da kuka ba. A haka muka ci wata huɗu, har ya daina tambaya, ni kuwa na ɗauka mantawa ya yi.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka je gaida Hajiya, mahaifiyata, ƙannena ma duk suna nan. Kun san wasan kaka da jika. Tana ganinsa ta ce, "Maigida, sai yau? Ka bar ni da yunwa, ina kuɗin cefane?" Abba yana zaune a tabarma yana wasa da murfin kwano. Bai ko ɗaga kai ba, ya ɗan kaɗa hannu ya ce, "In sha Allah." Ɗakin ya kaure da dariya, domin kuwa duk wanda ya san ni ya san muryata ce, har da jan ƙarshen kalmar da kaɗa hannun. Hajiya ta ce, "To, in sha Allah yaushe?" Sai ya dube ta kamar mai mamakin babba kamarta ba ta san wannan ba, ya ce, "Hajiya, ai in sha Allah ba shi da yaushe. In aka ce in sha Allah, an hana ke nan." Ta ce, "Wa ya gaya maka haka?" Ya ce, "Haka Baba yake yi."

Ƙannena har da riƙe ciki. Ni ma na yi dariyar, amma ta yaƙe ce. Hajiya kuwa ba ta ce mini komai ba, kallo ɗaya ta yi mini, irin wanda na sani tun ina kamar Abba.

Daren nan barci ya ƙaurace mini. Ni ne fa nake tsayawa gaban ɗalibai ina karantar da su Suratul Kahfi, ina ba su labarin da malaman tafsiri suka kawo, cewa Ƙuraishawa sun yi wa Manzon Allah (SAW) tambayoyi uku, game da samarin kogo da Zulƙarnaini da ruhi, ya ce zai ba su amsa gobe bai haɗa da in sha Allah ba, wahayi ya jinkirta na kwanaki, sannan aya ta 23 da ta 24 suka zo da koyarwar. Wato asalin kalmar ta mai niyyar aikatawa ce, wanda ya ƙudura zai yi, sai dai ya san gobe ba a hannunsa take ba. Ni kuwa na juya ta, na mayar da ita mafakar wanda ba ya son yi kuma ba ya son a ce ya ƙi. Yaron da nake fata ya tashi da girmama sunan Allah, abin da ya fara koya a bakina shi ne cewa idan aka ambaci sunan a ƙarshen alƙawari, to alƙawarin ya mutu.

Na tashi na ɗauko Jami'ul Ulumi wal Hikam na Ibnu Rajab, na buɗe sharhin hadisin alamomin munafuki, domin na tuna akwai magana a wajen. Na kuwa same ta: ya kawo daga Imam Auza'i, malamin mutanen Sham wanda ya rasu a shekara ta 157 bayan Hijira, cewa wanda ya yi alƙawari ya haɗa da in sha Allah alhali a ransa ba zai yi ba, ƙarya ya yi kuma ya saɓa alƙawari. Na sha karanta wajen, amma kullum tela da makanike nake hangowa, waɗanda ke cewa in sha Allah jibi, jibin ta zama wata guda. Ban taɓa hango kaina ba, don a tunanina abin da aka gaya wa yaro ba ya shiga lissafi.

Alhali kuwa yana shiga. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa wata rana yana yaro, Manzon Allah (SAW) na zaune a gidansu, mahaifiyarsa ta kira shi da cewa ya zo ta ba shi wani abu. Annabi ya tambaye ta abin da ta yi niyyar ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai a daren nan shi ne, mai ba da labarin shi ne yaron da kansa. Yana wajen, ana magana a kansa kamar ba ya fahimta, ashe ya riƙe. Haka Mahmudu ɗan Rabi'u ya riƙe cewa Annabi ya fesa masa ruwa a fuska daga wani guga yana ɗan shekara biyar, har Imam Bukhari ya kawo shi a Kitabul Ilmi a babin da ke magana kan lokacin da jin yaro yake inganta, malaman hadisi da dama kuma suka ɗauki shekara biyar a matsayin iyaka. Shekarun Abba ke nan daidai. Mu kuwa a wannan shekarun ne muke cika musu kunne da dodo yana zuwa, da zan kira mai allura, da yi shiru in sayo maka alawa.

Daren Laraba da ya biyo baya ni na kira shi. Na ce, "Abba, gobe bayan La'asar za mu je gidan zoo, in sha Allah." Fuskarsa da ta fara washewa sai ta koma. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ka faɗa ba da in sha Allah ba." Wallahi wannan ta fi ta gidan Hajiya yi mini ciwo. Na zaunar da shi a cinyata na ce masa laifina ne, kalmar ba hani take nufi ba, ma'anarta na yi niyya, kuma ina roƙon Allah Ya ba mu rai da lafiya mu kai goben. Ya gyaɗa kai, amma na ga alama jira yake ya gani.

Muka je. Zakin da aka yi wata huɗu ana mafarkinsa muka same shi kwance yana barci ya juya mana baya, Abba ya ce wai a tashe shi tunda mun biya kuɗi. Birai ne suka fanshe ranar, sai kuma mai sayar da balan-balan a bakin ƙofa. Da muka shiga adaidaita sahu za mu koma, ya jingina da ni ya ce, "Baba, gobe ma za mu dawo?" Kalmar ta zo har bakina, don harshe ya riga ya saba. Na haɗiye ta na ce, "A'a, gobe ba za mu dawo ba."

Ya ɓare baki. Tun daga titin gidan zoo yake kuka, mutane na leƙo mu, har muka kusa unguwarmu. Can direban ya gaji, ya waiwayo ya ce, "Haba Malam, ka ce masa in sha Allah mana ya yi shiru."