Jinin Uwa da Huhun Ɗanta

Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da gero ke nuna a gonakin Ɗambatta, Bichi da Makoɗa, zazzaɓin cizon sauro kan kai yara asibiti jininsu ya ƙone. Idan likita ya ce sai an yi ƙarin jini, dangi ake nema, kuma uwa ce a gefen gado. Sai dai jininta na iya zama wanda huhun wannan yaron ya fi ƙi.

Dalilin yana cikin ruwan jini, ruwan nan mai launin ɗorawa da ƙwayoyin jini ke iyo a cikinsa. Ɗan tayi yana gādon rabin alamomin ƙwayoyin jikinsa daga uba. Jikin uwa kan ɗauki alamomin a matsayin baƙi, ya ƙera musu sinadaran kariya da ke iya zama a ruwan jininta shekaru. Yawan ciki yana ƙara yiwuwar hakan, kuma a wannan yankin haihuwa shida ko bakwai ba abin mamaki ba ce.

Jinin da aka ƙara ta jijiya, da ya bar zuciya, huhu yake fara shiga. Hanyoyin jinin huhu sirara ne ƙwarai, har fararen ƙwayoyin jini sai sun matsu suke wucewa. Idan cuta ko zubar jini ta riga ta harzuƙa su, sukan manne a bango. Sinadaran uwa kuma sun san alamar da ke jikinsu, domin don ita aka ƙera su. Sai ƙwayoyin su zubar da dafin da suka tanadar wa ƙwayoyin cuta, bangon ya kumbura ya fara yoyo, ruwa ya cika gurbin iska. Cikin awa 6 numfashi ya gagara.

Likitocin asibitin Mayo na Amurka ne suka raɗa wa matsalar suna TRALI a 1983. A 2003 Birtaniya ta koma ɗaukar ruwan jini galibi daga maza, sai ta ragu sosai. A Kano, inda mafi yawan masu ba da jini maza ne, an sami wannan kariyar ba tare da an tsara ta ba. Amma asibitin karkara yakan ƙara jini ne ɗungurungum, da ruwansa.

Matsalar ba ta da yawa, rashin jini ya fi ta kisa nesa ba kusa ba. Idan uwa kaɗai ke akwai, ba a bar yaro ya mutu don gudunta ba. Amma idan ga kawu ko maƙwabci da jininsa ya dace, shi ya kamata a fara ɗiba. Wahalar ita ce gane ta: tana kama da cikar ruwa a jiki, wadda allurar sa fitsari ke warwarewa, alhali ita allurar ba ta yi mata magani. Abin da ake yi shi ne a tsayar da jinin, a sa iskar oksijin, a sanar da ɗakin gwaji. Yawancin waɗanda suka sami iskar huhunsu kan washe cikin kwana 2 zuwa 4.