Isawan: dardumar Alhaji da tabarmar da ke ƙarƙashinta

Daga Tasawa muka yanki arewa cikin rairayi, gonakin hatsi dama da hagu, har muka shiga Isawan ta ƙasar Mayahi da hantsi. Wani Alhaji ɗan kasuwa ne ya sauke mu. Da yake baƙi sun zo daga Maradi, sai ya sa yaro ya ɗauko darduma ja wadda ya sawo a Makka, aka shimfiɗa a zaure bisa tabarma. Ya ce: "Malam, zauna, wannan ƴar Buhara ce."

Na juya bayanta, na ga saƙar inji ce. Ban faɗa masa ba, baƙo ba ya kushe shimfiɗa. Amma zanen da ke jikinta, tambura masu kusurwa takwas jere sahu-sahu, na san asalinsa. Ba mutanen Buhara, garin Imamu Buhari, suka ƙago shi ba. Aikin matan Turkumawa ne, makiyayan hamadar da ke gabas da tekun Kasfiya. A ƙasa suke kafa masaƙa, su ƙulla zaren gashin tumaki ƙulli ɗaya bayan ɗaya, wata da watanni, jan launin kuwa daga saiwar wani tsiro ake samo shi. Kowace kabila, Teke ko Yomut ko Salor ko Sarik, tana da tambarinta da ake kira "gul", kamar yadda tsagar fuska take nuna asalin mutum a nan. Fatake suka riƙa sayen dardumar ta hanyar Buhara, sunan kasuwa ya danne na masaƙiya. Bayan da Rasha ta ci Teke da yaƙi a 1881, rinin kanti ya yi ta shiga ƙasar, shi ya sa masu neman tsofaffin dardumai a Turai suka fi zuba kuɗi kan waɗanda aka saƙa kafin nan.

To, jama'a masu karatu, tabarmar da ke ƙasan dardumar ita ta fi ɗaukar hankalina. Na nemi a kai ni wurin wadda ta yi ta. Na iske dattijuwa a gindin bedi, kaba tsagagga a gefenta, ta jiƙa ta da ruwa don kada ta karye. Tana hira, yatsunta suna saƙa dogon layi mai faɗin tafin hannu, ba ta ko duba shi. In layin ya kai, sai a ɗinke shi gefe da gefe har ya zama tabarma. Na ce: "Inna, jan nan fa?" Ta ce: "Ɗana, galura ce ta kasuwa. Uwayenmu da karan dafi suke rinawa." Abin da ya sami Turkumawa ke nan, ya same mu.

Kuma ita ma sunanta ba ya bin aikinta. Dillali ya saya ranar kasuwa, ya ɗaure bandir, ya ɗora wa mota. In ta kai Maradi ko ta ƙetara iyaka, sai a kira ta da sunan kasuwar da aka loda ta.

Babbar damuwa tana wajen icen kansa. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi, daga wannan ganye ya samo sunansa. Kaba kuwa ƙaramar goruba ce. In ana yanke sabon tohonta kowace shekara, ba za ta taɓa miƙewa ta yi rassa ta ba da ƴaƴa ba. Duk wanda ya bi gulbin ya ga haka: tsofaffin gorubai jefi-jefi, ƙarƙashinsu kaba birjik iya gwiwa, masu tasowa tsakaninsu kaɗan ne. Mace ba za ta bar yanka ba, kuɗin gishiri da na sabulu ke nan. A gefe guda ga tabarmar roba ta cika rumfunan kasuwa, ba ta tsoron ruwa, ko da yake in rana ta buge ta sai ta ƙone zama.

Turkumanistan ta sa tamburan dardumarta 5 a jikin tutarta tun 1992, ta gina wa darduma gidan tarihi a Ashgabad, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta sanya wannan saƙa cikin kayan gadon duniya. Mu a nan, ma'aikaci in ya sami ƙarin girma, abin da ya fara fitarwa daga falonsa tabarma ce. Ni ma na yi haka, ba zan ɓoye ba.

Da azahar ta yi, Alhaji ya sa aka naɗe ƴar Buhara aka mayar cikin ɗaki don kada ƙura ta ɓata ta. Bisa tabarmar Inna muka yi salla.