Kwana ɗaya a karar Mubi

Da asuba muka bar Yola, muka bi ta Song da Gombi da Hong. Rana ba ta take tsaka ba duwatsun Mandara suka bayyana, na san Kamaru na bayansu.

Karar Mubi na nufa. Ƙura, kukan shanu, tireloli na jiran lodi zuwa Kudu, dillalai na ciniki da Fillanci da Hausa. Yawancin shanun nan daga Kamaru da Chadi suka tako, babu wanda ya tambaye su fasfo.

A gindin wata bishiya na tarar da wani dattijo yana buɗe bakin bijimi yana duba haƙora. Na ce, "Baba, yaushe rabonka da ganin cutar bushiya?" Ya saki bakin bijimin ya dube ni. "Yaro, tun ta 1983. Garke guda ka kwana da shi, ka tashi da igiya."

Bushiya ba ta ƙare da allura kaɗai ba. Rigakafin da likitan dabbobi Walter Plowright ya haɗa a Kenya yana da kyau, amma idan Najeriya ta yi wa shanunta, Chadi ba ta yi ba, aikin banza ne. Shi ya sa a 1962 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka fara gangami tare a yankin Tafkin Chadi. Da aka yi sakaci cutar ta dawo, aka sake zama a 1986, wannan karon da ƙasashen Afirka masu yawa. Sai a 2011 aka sanar cewa babu ita a duniya.

Yanzu awaki da tumaki ake jira. A 2015 ƙasashe suka haɗu a Abidjan, suka sa 2030 wa'adin kawar da annobar da likitoci ke kira PPR. Abin da ya burge ni: rigakafin da Afirka ta dogara da shi daga ƙwayar cutar da aka samo a Najeriya a 1975 aka yi shi, kuma ana sarrafa shi a Vom, a nan Najeriya.

Na gaya wa dattijon. Ya nuna ɓangaren awaki da sandarsa, ya ce a fara kawo allurar ruga tukuna. Ban ga laifinsa ba. 2030 ta kusa.